Satar fasaha da damfara a kasuwar intanet: Abin da doka ta kare da abin da ya rage a wuyan ɗan kasuwa

Mai shago a Kantin Kwari da ke Kano, ko kasuwar Wuse a Abuja, ko Alaba a Legas, yana da ƙofa da kwaɗo, yana kuma da maƙwabtan da suka san fuskarsa. Mai sayar da kaya a Instagram ko Facebook ko WhatsApp kuwa, shagonsa gaba ɗaya bai wuce sunan shafinsa, hotunan hajarsa, lambar wayarsa da yardar mutanen da suka taɓa saye a wurinsa ba. Dukkan waɗannan ana iya kwafe su ko a ƙwace su cikin 'yan mintoci, daga garin da mai su bai taɓa takawa ba.

Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon shekarar 2023, jama'a da dama da ba su saba ba suka koma tura kuɗi ta waya, kuma cinikin da ake ƙullawa ba tare da an ga juna ba ya ƙara yawa. An saba kallon satar fasaha a matsayin matsalar mawaƙa da 'yan fim, damfara kuma a matsayin matsalar banki da 'yan sanda. A kasuwar intanet abin ya haɗe. A ɗauka wata mai sayar da turaren wuta ce a Maiduguri, ta shekara uku tana gina shafinta. Wani ya kwashe hotunanta, ya buɗe shafi da suna irin nata ya ƙara harafi ɗaya, ya rage farashi, ya karɓi kuɗin mutum goma ya ɓace. Satar hotuna da suna ita ce ta ba shi damar cutar masu saye, kuma idan ƙura ta tashi, sunan mai turaren ne zai ɓaci. Don haka kare mallaka da kare cinikin aiki ɗaya ne.

Rajistar CAC ba ta mallaka maka suna

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin ƙananan 'yan kasuwa shi ne ɗaukar takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a matsayin shaidar mallakar komai. Takardar CAC tana nuna cewa gwamnati ta san da kasuwancinka da wannan suna, kuma da ita za ka buɗe asusun banki na kasuwanci. Amma ba ita ce ke ba ka ikon hana wani buga sunan a jikin kwalba ko leda ba. Wannan aikin rajistar tambarin kasuwanci ne, wadda ake yi a ofishin rajistar tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya.

Dokar tambarin kasuwanci ta Najeriya tsohuwa ce, ta shekarar 1965, amma har yanzu da ita ake aiki. Idan aka shigar da buƙata, ofishin zai bincika ko wani ya riga ka, sannan a buga tambarin a mujallar ofishin, a ba mai ƙorafi wata biyu ya kawo hujjarsa. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, daga nan a riƙa sabunta ta duk shekara 14. Ana yin ta ne rukuni-rukuni, domin kayayyaki da ayyuka sun kasu gida 45 a tsarin da duniya ke bi. Wanda ya yi wa sunansa rajista a rukunin turare da kayan kwalliya bai rufe ƙofar rukunin tufafi ba. Gyaran da aka yi ta Dokar Sauƙaƙa Kasuwanci, wadda aka sa wa hannu a watan Fabrairun 2023, ya fayyace cewa masu sayar da aiki, kamar kamfanin kai saƙo ko gidan abinci, su ma tambarinsu yana cikin abin da dokar ta kare.

Wanda bai yi rajista ba yana iya kai ƙarar mai kwaikwayonsa bisa hujjar cewa yana sayar da kaya da sunan wani. Sai dai a nan nauyin kawo shaida a kansa yake: sai ya tabbatar wa kotu cewa jama'a sun san shi da sunan, kuma an ruɗe su. Mai takardar rajista ya huta da rabin wannan wahala.

Akwai kuma batun iyaka, wanda ya shafi 'yan kasuwar Kano da Katsina da Sakkwato masu aika kaya Maraɗi da Damagaram da Garwa. Rajistar Najeriya a Najeriya take tsayawa. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista guda take aiki a ƙasashe 17. Wanda kasuwarsa ta ketare iyaka, sai ya yi tunanin wannan kafin wani ya riga shi.

Haƙƙin mallaka: ba ya jiran rajista, amma yana son shaida

Haƙƙin mallakar fasaha daban yake da tambari. Shi yana kare abin da mutum ya ƙirƙira: littafi, waƙa, fim, hoto, zane, da manhajar kwamfuta, wadda doka ta sa a sahun rubutu. Da zarar an rubuta aikin, ko an ɗauke shi a kyamara, ko an naɗe shi, haƙƙin ya tabbata, ba sai an je wani ofishi ba. Hoton atamfar da ɗan kasuwa ya ɗauka da wayarsa yana da kariya kamar yadda fim ɗin miliyoyin naira yake da ita. Abin da haƙƙin bai kare ba shi ne tunani tsagwaronsa. Ba wanda ya mallaki dabarar sayar da kilishi ta intanet, ko jigon labarin kishiyoyi. Yadda ka tsara naka shi ne naka. Haka kuma sirrin haɗin turare ko yajin da ya bambanta ka da sauran, kariyarsa ita ce riƙe baki da yarjejeniya da ma'aikata.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ranar 17 ga Maris, 2023. Ta maye gurbin dokar da ta samo asali tun 1988, zamanin kaset da faifan garmaho, wadda ba ta san da intanet ba. Kafin nan, a watan Oktoban 2017, Najeriya ta miƙa takardun amincewa da yarjejeniyoyi huɗu na Hukumar Kare Mallakar Fasaha ta Duniya, WIPO, ciki har da biyun da suka shafi ayyukan da ake yaɗawa ta intanet. Sabuwar dokar ce ta shigo da su cikin gida. A ƙarƙashinta, rubutu da kiɗa da zane suna da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su, fim da hoto da sautin da aka naɗa kuma shekara 50. Wato magada ma suna da haƙƙi, abin da iyalan tsofaffin mawaƙanmu da ake ta cin kasuwa da muryoyinsu a YouTube ya kamata su sani.

Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke kula da wannan doka. Ana taƙaita sunanta da NCC, kamar dai Hukumar Sadarwa, abin da ke sa wasu kai kuka gidan da ba a nan aka yi mutuwa ba. Hukumar tana karɓar rajistar ayyuka ta shafinta na intanet. Rajistar ba wajibi ba ce, amma ranar da aka yi gardama a kan wanda ya riga, takarda mai kwanan wata ta fi rantsuwa amfani.

Wani wurin da ake yawan zamewa shi ne aikin da aka biya wani ya yi. Ɗan kasuwa ya ba matashi kuɗi ya zana masa tambari, ko ya gina masa shafi, ko ya ɗauki hotunan kayansa, sai ya ɗauka biyan kuɗin ya sa abin ya zama nasa. A doka, asalin haƙƙin yana wurin wanda ya ƙirƙira sai idan an yi yarjejeniya akasin haka, kuma miƙa haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce. Layi uku a takarda da sa hannu sun isa su kashe rigimar da za ta iya cin shekaru.

Yadda ake sa a sauke abin da aka sace

Babban abin da dokar 2022 ta kawo shi ne hanyar sauke kayan sata ba tare da an fara zuwa kotu ba. Mai haƙƙi zai aika sanarwa a rubuce ga kamfanin da abin yake kan shafinsa, ya bayyana aikin da aka sace, ya nuna inda yake, ya ba da adireshinsa, ya kuma tabbatar cewa bai ba da izini ba. Kamfanin zai sanar da wanda ya ɗora, ya sauke abin cikin hanzari. Wanda aka sauke wa kaya yana da damar mayar da martani idan yana ganin an zalunce shi, kuma wanda ya yi ƙarya da gangan don a rufe shafin abokin hamayyarsa zai biya diyyar ɓarnar da ya jawo. Dokar ta tanadi dakatar da asusun mai maimaita laifi, ta haramta fasa makullin da aka sa wa fim ko manhaja don hana kwafi, ta kuma ba hukumar ikon toshe shafin da ke yaɗa kayan sata. A shekarar 2025 hukumar ta sanar cewa, tare da haɗin gwiwar NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin intanet mai ƙarewa da .ng, an dakatar da shafin MovieBox.ng bisa zargin yaɗa fina-finai ba da izini ba. Ga wanda ya ɗora aikin wani a intanet don neman kuɗi ba da yardar mai shi ba, hukuncin ya kai tarar da ba ta gaza naira miliyan 1 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko a haɗa masa duka.

A aikace, manyan dandali kamar YouTube da Facebook da TikTok suna da nasu fom na kai ƙorafi, wanda suka gina a kan wata dokar Amurka ta 1998, kuma sau da yawa shi ya fi sauri. A YouTube, tashar da ta tara gargaɗi uku na satar fasaha a cikin kwana 90 tana iya rufuwa gaba ɗaya.

Wannan ya fi shafar masana'antar Kannywood, wadda satar faifan CD ta karya kasuwarta, ta koma dogaro da shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin. Kuɗin furodusa yanzu yana zuwa ne daga yawan masu kallo a tasharsa, don haka duk wanda ya sauke shiri ya sake ɗora shi a wata tasha, ko ya raba shi a Telegram, daga aljihun furodusan ya ɗiba. Marubuta littattafan Hausa na intanet, waɗanda yawancinsu mata ne, nasu ya fi zafi. Marubuciya za ta buɗe zauren WhatsApp na waɗanda suka biya 'yan ɗaruruwan naira, kafin gari ya waye wata ta kwashe shafukan ta watsa su kyauta. Saƙon WhatsApp a rufe yake tsakanin mai aikawa da mai karɓa, babu wani fili guda da za a ce a sauke abin daga kai. A nan dokar ba ta da dogon hannu. Amma tashoshin da ke karanta littafi da murya suna samun kuɗin talla, su a fili suke, kuma idan ba su nemi izini ba, marubuciyar tana da cikakken ikon sa a sauke karatun ko a zauna a yi ciniki.

Gaskiya ɗaya da ba a cika son faɗa ba: fassara aikin wani da sauya masa kama su ma haƙƙin mai aikin ne. Fim ɗin Indiya ko na Turkiyya da aka ɗora wa muryar Hausa ba da lasisi ba, da kiɗan da aka ɗauko aka sa wa sabon baiti, duk suna cikin abin da dokar ta hana. Masana'antar da ke kukan ana yi mata sata ba za ta samu kunnen kowa ba muddin tana kau da kai daga wadda ake yi a cikin gidanta.

Makullin shagon yana cikin waya

Duk wata rajista ba za ta amfani wanda aka ƙwace wa shafi ba. Hanyar da aka fi bi ba ta buƙatar wani ilimin kutse. Za a kira mutum a ce daga wata ƙungiya ko zauren da yake ciki ne, an shirya taro ta intanet ko rabon tallafi, an turo masa lambobi shida ya karanto su. Lambobin nan su ne na shiga WhatsApp ɗinsa a wata wayar. Yana faɗa, an fitar da shi, kuma nan take za a fara aika wa abokan cinikinsa da danginsa sabuwar lambar asusu. A Instagram da Facebook kuma saƙo ne zai zo da tambarin kamfanin, ana cewa shafinka ya keta haƙƙin mallaka, za a rufe shi cikin awa 24 idan ba ka latsa nan ba. Kura ce da fatar akuya: tsoron dokar satar fasaha shi kansa ya zama tarko. Shafin da za a kai ka na bogi ne, kalmar sirrinka kawai yake jira.

Maganin bai da tsada. Kowane ɗayan waɗannan dandali yana da tsarin tabbatarwa mataki biyu, wanda ke neman ƙarin lamba bayan kalmar sirri. A sa wa layin waya lambar sirri ta kansa, domin ɓarawon waya yakan cire layin ne ya sa a wata wayar ya nemi asusun bankin da ke haɗe da shi. Kada layin da aka buɗe shafi da asusun banki da shi ya daɗe a ajiye, domin kamfanonin sadarwa suna sake sayar da layin da aka daina amfani da shi. Sannan a lura da sunan wanda ke kan komai. Shagon da yaron shago ya buɗe da imel ɗinsa, ko adireshin intanet da mai gina shafi ya saya da sunansa, ranar da aka ɓata, da su zai tafi.

Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ambaci waɗannan laifuka ɗaya bayan ɗaya. Yin sojan gona da sunan wani yana iya kai mutum ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 7. Tarkon saƙon bogi don satar bayanai, shekara 3 ko naira miliyan 1. Kama adireshin intanet da sunan wani ko tambarinsa don a hana shi amfani da shi, har shekara 2 ko tarar da ta kai naira miliyan 5. NiRA ma tana da tsarin sasanta rikici a kan adireshin .ng ba tare da shari'a ba.

Kuɗi da bayanan mai saye

Tsakanin mai saye da mai sayarwa kowa yana tsoron kowa, kuma kowa yana da dalili. Mai sayarwa yana tsoron alat na bogi da rasit ɗin da aka gyara a waya. Ƙa'idar a nan guda ce: saƙon tes ko hoton rasit ba kuɗi ba ne, sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin sun zauna kafin a sa kaya a mota. Mai saye kuma ya dubi sunan da ya fito a asusun kafin ya tura. Idan shafi na kamfani ne amma asusun na wani mutum ne dabam, ko ana sauya lambar asusu kowane mako, ko farashin ya faɗi ƙasa da na sari, akwai lauje cikin naɗi. Kiran bidiyo na minti ɗaya a ga kayan a hannun mai su yana tace da yawa daga cikin 'yan damfara. A babban ciniki, gara a yi kafin alƙalami a cika saura idan kaya sun iso, ko a bi ta dandalin da ke riƙe kuɗi har sai mai saye ya karɓa. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirrin kati ko lambar da ya turo ta tes.

Ɗan kasuwa ya kuma san cewa sunaye da lambobin waya da adireshin gidajen abokan cinikinsa amana ce da doka ta ɗora masa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta kafa hukumar NDPC, ta wajabta a karɓi bayanin da ake buƙata kawai, a yi amfani da shi don abin da aka karɓe shi, a kuma sanar da hukumar cikin awa 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ta ƙanana kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Sayar da jerin lambobin kwastomomi ga masu talla, ko wallafa hoton rasit mai ɗauke da cikakken suna da lambar asusun mai saye don nuna ana ciniki, duk suna iya jawo magana. Cewa hukumomin Najeriya suna iya taɓa manya ya fito fili a watan Yulin 2024, lokacin da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Idan ta riga ta faru, awannin farko su ne komai, domin kuɗin damfara ba sa kwana a asusu ɗaya. A kira banki nan take a shigar da ƙorafi a karɓi lambarsa, don a nemi bankin da kuɗin suka shiga ya riƙe su. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, ana iya ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Laifin kansa kuma a kai shi ga EFCC ko cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda. Kayan da suka zo ba kamar yadda aka tallata su ba, wannan na FCCPC ne. Shari'ar haƙƙin mallaka da tambari kuwa, sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya keɓe ta ga Babbar Kotun Tarayya, don haka kai ta ƙaramar kotun unguwa ɓata lokaci ne.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi abin da za ta fara tambaya shi ne shaida, kuma mai laifi yakan goge shafinsa da zarar ya ji motsi. Kafin a yi masa magana ko a tona shi a fili, a ɗauki hoton shafin da adireshinsa da kwanan wata, a adana hirar da aka yi da saƙonnin murya, da lambar asusun da rasit ɗin banki. Mai hoto ko bidiyo ya ajiye na asali a yadda ya fito daga kyamara, domin yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi, abin da wanda aka tura ta WhatsApp kan rasa. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta amince kotu ta karɓi bayanan da suka fito daga kwamfuta ko waya, bisa sharaɗin a gabatar da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samo su.